Ajiyayyar mota da ɓarnar ɓera

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, motoci masu yawa a garuruwanmu suka koma zaman gida. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta zarce naira 1,000, sai magidanta da ma'aikata da dama suka koma hawan babur da Adaidaita Sahu, mota kuwa aka jingine ta a gindin katanga aka lulluɓe da tamfol, ba a tayar da ita sai ranar Juma'a, ko ranar ɗaurin aure, ko kuma idan rashin lafiya ta taso cikin dare. Idan aka haɗa waɗannan da motocin alhazan da kan yi wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki, da na 'yan kasuwa masu doguwar tafiya, da waɗanda suka lalace aka bar su ana jiran kuɗin gyara, za a ga cewa da wuya a samu layin da babu ajiyayyar mota a cikinsa.

Mai mota yana ganin tunda ba ta motsi, ba ta ci masa komai. Sai ranar da ya murza makulli ta ƙi tashi, ko ta tashi amma fitilun gargaɗin da ke gaban direba duk suna ci, ko ya kunna esi wani ɗoyi ya daki hancinsa tare da ɓurɓushin takarda da ciyawa. Da an ɗaga bonet sai a tarar da kashin ɓera a kan inji, da ɓawon gyaɗa a gefen batir, da wayoyi a gwaigwaye har jan ƙarfen ciki ya bayyana. Na ga irin wannan a gidan maƙwabta, na kuma gan shi a wurin mai gyaran wayarin da nake kai tawa motar, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancinmu muna neman maganin a inda ba ya nan. Tambayarmu kullum ita ce me za a fesa wa mota ko me za a rataya a cikinta don ɓera ya guje ta, alhali abin da ke kawo shi shi ne wurin da motar take tsaye da kuma daɗewar da take yi ba a taɓa ta ba. Wanda ya gyara waɗannan biyun ya gama da mafi yawan aikin, wanda kuwa ya bar su, ko kwalabar turare goma ya zazzage a kan inji, baƙon nasa zai dawo.

Ba yunwa ce ke sa dabbar cin waya ba. Ɓera da danginsa, irin su gafiya da kurege, suna da haƙoran gaba guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba sa daina tsiro har dabbar ta mutu. Na babban ɓera kan ƙaru da fiye da santimita 10 a shekara, kuma yana rage tsawonsu ne ta goga su da juna da gwaigwayar duk abin da ya faɗo bakinsa. Robar da ta lulluɓe waya, da tiyon ruwan waifa, da ƙananan tiyoyin iska, da bargon hana zafi da ke manne a cikin murfin bonet, da soson kujera, duk suna da daɗin gwaigwaya, wasunsu kuma da su yake shimfiɗa makwanci. Wurin inji yana da duhu, yana da lungunan da kyanwa ba ta iya shiga, ruwan sama ba ya taɓa shi, kuma idan an dawo daga tafiya yakan riƙe ɗumi na sa'o'i, wanda a daren hunturu a Jos ko Zariya ko Funtuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ƙaramin ɓera mai nauyin kimanin giram 20. Macen ɓeran gida kwana 19 zuwa 21 kacal take goyon ciki, ta haifi 'ya'ya biyar ko shida ko fiye, su kuma kafin wata biyu sun isa haihuwa. Ke nan alhajin da ya kulle motarsa ya tafi Makka, kafin ya dawo ana iya ɗaukar ciki a haihu a cikin akwatin matatar iskar injinsa.

Jaba, wadda mutane da yawa ke ɗora wa laifi saboda warinta da tsuwwarta, ba ta cikin wannan dangi; ƙwari take ci, haƙoranta ba na gwaigwaya ba ne, kuma ba ita ke yanke waya ba. Masu aikin su ne ƙaramin ɓeran gida, da baƙin ɓera mai hawan bango da rufi, da ɓeran daji mai nonuwa da yawa wanda ke shigowa gidaje bayan kaka, lokacin da aka kwashe amfani aka ƙone daji, abinci ya koma rumbu da sito. A gidajen bakin gari da na kusa da gonaki, gafiya da kurege ma suna cikin lissafi.

Babu yadda za a yi a toshe mota gaba ɗaya. Ƙasan inji a buɗe yake, kuma ta kan taya dabbar ke hawa cikin sauƙi. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta ramin da bai wuce kaurin fensir ba, wato milimita 6 zuwa 7, domin duk inda kansa ya wuce jikinsa zai bi. Cikin motar kanta, inda mutane ke zama, akwai hanyoyin da mai ita bai san da su ba. Akwai mashigar iskar esi a gindin gilashin gaba, daidai ƙarƙashin waifa, wadda ke kaiwa ga wata matata da ke bayan akwatin gaban fasinja. Akwai ramukan da wayoyi da sandar sitiyari ke bi daga inji zuwa ciki, waɗanda aka toshe da roba, kuma a tsofaffin motocinmu 'yan Kwatano sau da yawa robar ta daɗe da tsagewa, ko wani mai gyara ya cire ta bai mayar ba. Akwai kuma 'yan tagogin roba a gefen but, a bayan bamba, waɗanda aka yi domin iska ta samu mafita idan an buga ƙofa.

Wata magana ta yaɗu a intanet cewa kamfanonin mota ne suka jawo abin, wai sun koma lulluɓe waya da robar da aka haɗa da waken suya, ɓera kuma yana bin ƙanshinta. A shekarar 2016 wasu masu motoci a Amurka sun kai kamfanonin Toyota da Honda ƙara a kan haka, kamfanonin kuma suka tsaya a kan cewa ɓarnar ɓera ba ta bar kowace irin mota ba. Ni dai ban ga dalilin ɗaukar zancen da zafi ba, domin duk wanda ya riƙe Peugeot 504 a shekarun baya ya san ɓera ya ci wayoyinta, kamar yadda ya ci na firji da na talabijin. Abin da ya canza shi ne yawan wayar da wahalar kaiwa gare ta. Tsohuwar mota mai kafireto wayoyinta kaɗan ne, mai gyara yana bin su da ido da ƙwan gwaji ya haɗa su cikin sa'a guda. Motar yau tana da burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da na'urorin auna iska da zafi da juyawar taya, kowace da siririyar wayarta, wasu kuma suna kwance can ƙarƙashin bututun shigar iska, musamman a injuna masu silinda shida, inda sai an kwance rabin saman inji kafin a kai ga wayar da ɓarnarta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

A wurin ajiya maganar take. Ƙaramin ɓera ba ya nisa da makwancinsa, mita 3 zuwa 10 ne iyakar yawonsa idan akwai abinci kusa, babban kuma kan kai mita 30 zuwa 50. Ma'ana, wanda ya ci wayar motarka maƙwabcinta ne na kusa, kuma abincinsa yana nan cikin wannan ɗan fili. To a dubi yadda muke ajiye mota a gidajenmu. Gareji a wurinmu sito ne: a nan ake jibge buhunan masara da gero da aka sayo a Dawanau lokacin kaka, a nan dusar tumaki da harawa suke, a nan aka tara tsofaffin katifu da kwalaye da littattafan ajin da yara suka wuce. Idan babu gareji, motar tana tsakar gida kusa da akurkin kaji ko ɗakin tattabaru, inda tsaba ke zube dare da rana, ko kuma tana ƙofar gida a bakin kwata, taku kaɗan daga bola. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun ajiye masa abinci a hannun dama, ruwa a hannun hagu, sannan muka kawo masa ɗaki mai ɗumi muka tsayar a tsakiya.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai dai yana bukatar mai gida ya yarda a taɓa tsarin gidan. Hatsi ya bar buhu ya koma durom mai murfi, na ƙarfe ko na roba mai kauri, ko aƙalla a raba shi da ɗakin da mota take. Abincin kaji da na tattabaru a kwashe ragowarsa da magariba, domin da dare ba kaji ke cin sa ba. Shara ta kasance a abu mai murfi, ciyawar da ke kewaye da wurin a nome ta, tarin itace da bulo da tsofaffin tayoyi a kawar da su ko a ɗaga su daga ƙasa. Babban ɓera sai ya sha ruwa kullum, don haka famfo mai ɗiga da bahon wankin da aka bari da ruwa suna cikin abin da ke riƙe shi a gida. Sannan a lura da ɗabi'arsa ta tafiya: ba ya son ƙetare fili a sarari saboda tsoron mujiya da kyanwa, gefen bango yake bi, gashin bakinsa yana taɓa katanga. Motar da aka manna da katanga a kan hanyarsa take, wadda aka tsayar a tsakiyar fili mai siminti, nesa da bango da reshen bishiya, sai ya yi kasada kafin ya kai gare ta. Idan gidan yana da faɗin da za a bar ko da mita ɗaya tsakanin mota da bango, a bari.

Tamfol yana kare fenti daga rana da ƙura, wannan ba a musu, amma wanda ya sauka har ƙasa yana ƙara wa wurin duhu da sirri, gefensa kuma abin hawa ne. Gara wanda ya tsaya a saman tayoyi, kuma a riƙa yaye shi a kai a kai.

Cikin motar ma sai an share shi sosai kafin a ajiye. Guntun biskit ɗin 'yan makaranta da ya faɗa tsakanin kujeru, takardar tsire mai maiƙo a ƙarƙashin kujerar direba, ƙwallon dabinon da aka tara a gindin giya lokacin azumi, tsabar shinkafar da ta zube a but ranar da aka yi cefanen wata, duk waɗannan ba komai ba ne a idonmu, amma ƙaramin ɓera kimanin giram 3 na abinci ya ishe shi a wuni. Tishu da tsummokara da tsofaffin takardun da ke akwatin gaba su ma a kwashe, domin su ne shimfiɗar da yake nema. Kafin a kashe inji a danna maɓallin da ke hana iskar waje shigowa, wanda aka zana mota da kibiya mai juyawa a jikinsa. A motoci da yawa wannan yana rufe ƙyauren mashigar iskar, kuma ya zauna a rufe.

Abu na biyu shi ne motsi. Ɓera yana gina makwanci ne a wurin da ya tabbatar ba ya canzawa, don haka motar da ke fita kullum ba ta cika samun wannan matsala ba, ko da a unguwa ɗaya take da wadda aka cinye. Tayar da inji a tsaye na minti biyar ba ya wadatarwa, hasali ma ɗumama masa wurin kawai aka yi, batir kuma bai samu cajin kirki ba. Abin da ya fi shi ne a fita da ita sau ɗaya a mako, a yi tafiyar minti 20 zuwa 30, idan an dawo a tsayar da ita a wani gefe daban ko a juya fuskarta. Na san tsadar mai ce ta sa aka ajiye ta tun farko, amma litar da za a ƙona a wannan zagayen ba ta kama ƙafar kuɗin sauya wayarin ba. Mai tafiya Hajji ko doguwar fatauci ya bar makulli a hannun ɗan'uwan da ya amince da shi, ya bar masa kuɗin mai, ya kuma gaya masa ya riƙa ɗaga bonet yana leƙawa kafin ya murza makulli. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙinsa irin na janareta ne, wanda muka sha jin ya kashe iyali guda suna barci. A gidan da ke da katanga da ƙofa mai kwaɗo, barin bonet a ɗage da dare yana taimakawa ƙwarai, saboda ɗumin yana ficewa da wuri kuma wurin ya daina zama maɓoya. A ƙofar gida kuwa, yin haka kiran ɓarawon batir ne.

Sai batun abubuwan kora, inda kuɗin mutane ya fi tafiya. Ana ambaton man na'ana'a, da garin barkono, da ganyen darbejiya, da sabulu mai ƙarfin ƙamshi. Ba na cewa ɓera yana son warinsu, amma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, ƙamshin yana bin iska cikin 'yan kwanaki, kuma macen da ta riga ta haihu a wurin ba za ta bar 'ya'yanta saboda wari ba. Na'urar lantarkin da ake cewa tana fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji ita ma haka take: dabbar kan firgita da farko, sannan ta saba. Tun a shekarar 2001 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta aika wa kamfanoni sama da 60 masu sayar da irin wannan na'ura takardar gargaɗi cewa sai sun kawo hujjar kimiyya a kan abin da suke iƙirari. Abin da ya ɗan fi ma'ana shi ne salatif ɗin da kamfanin Honda ke sayarwa, wanda aka cuɗa da sinadarin yajin barkono, domin shi ana naɗe shi ne a jikin wayar kanta, dabbar ta ji zafin a bakinta daidai lokacin da ta kai cizo. Shi ma wayar da aka naɗe kaɗai yake karewa.

Kafur ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne abin da aka fi bai wa juna shawara, kuma shi ne ya fi cutarwa. Ƙwayoyin kafur da ake sawa a akwatin tufafi yawancinsu sinadarin naftalin ne, wanda ke narkewa ya zama tururi, musamman a cikin rufaffiyar motar da rana ta gasa. Shaƙar sa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu wani rauni na gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya, kuma likitocin yara sun daɗe suna danganta kafur da shawarar jarirai. Motar da za a ɗauko maijego da jaririnta daga asibiti ba wurin kafur ba ce. Haka fiya-fiya, wadda maganin ƙwari ce tun asali, fesa ta a kan kujeru da kafet yana barin guba a wurin da yara ke taɓawa, ɓeran kuma yana can ƙarƙashin bonet bai san ana yi ba. Ƙwayar da ake sawa a buhun wake don kashe ƙwari ta fi su haɗari, domin iskar da take fitarwa tana kashe mutum a rufaffen wuri.

Gubar ɓera ta zamani, irin wadda ke hana jini daskarewa, tana kashewa, amma ba nan take ba, sai bayan kwana 3 zuwa 7. A cikin kwanakin nan dabbar tana komawa inda ta fi samun natsuwa ta mutu, kuma idan wurin nan bututun esi ne ko bayan dashbod, to sai an kwance gaban motar kafin a ciro mushen, warin kuma ya kama soso da kafet na makonni. Ga kaji da awaki da kyanwa da yara masu rarrafe a tsakar gida ɗaya. Idan ya zama dole a sa guba, a sa ta nesa da mota, a cikin akwati mai ƙaramar ƙofa da ɓera kaɗai ke iya shiga.

Tarko mai tsinkewa, irin na katako ko ƙarfe da ake samu a kowace kasuwa, shi ne na fi amincewa da shi, saboda yana kashewa nan take, kuma da safe kana ganin sakamako da idonka. Amfaninsa yana ga yadda aka ɗana shi. A ajiye shi a jikin bango da bakinsa yana fuskantar bangon, da kuma gefen kowace taya ta ciki, a sa tarko da yawa a dare ɗaya maimakon guda ɗaya na tsawon wata. Tunkuza ko ɗan guntun ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi sun isa, a ɗaure ko a danna sosai yadda sai ya ja kafin ya samu. Ƙaramin ɓera mai son bincike ne, yakan faɗa a daren farko, amma babban yana tsoron duk sabon abu, don haka a bar masa tarkon da abinci a kai ba tare da an ɗana ba na dare biyu ko uku, sai ya saki jiki sannan a ɗana. Allon gam da ya cika kasuwa ba na ba da shawararsa. Ƙurar hunturu tana kashe danƙonsa cikin kwana ɗaya, yana kama ƙadangaru da tsuntsaye, kuma ɓeran da ya maƙale yakan kwana yana fitsari da kashi yana wahala. Addini ya halatta kashe ɓera ko ga mai harama, amma ya umarci a kyautata kisa. Kyanwa tana rage ƙananan ɓeraye, sai dai ba kasafai take tunkarar babba ko gafiya ba, ita ma kuma tana son ɗumin inji, wanda hakan wani dalili ne na bubbuga bonet kafin a tayar da mota.

Wanda zai ajiye mota na watanni yana iya sa mai gyara ya ɗaura ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, waɗanda ba su wuce milimita 6 ba, a bakin mashigar iskar esi da bakin bututun iskar inji, ya kuma mayar da robobin da suka fita. Ragar sauro ta roba ba ta da amfani a nan. Idan an cusa soson ƙarfe a bakin salansa, a rubuta takarda a manna a sitiyari don kada a manta a tayar da mota da shi.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, share ta yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne nake ganin mun fi sakaci. Ɓeran daji mai nonuwa da yawa shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma tana yaɗuwa ta fitsarinsa da kashinsa. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, tana samun mafi yawan masu cutar ne a lokacin rani, daga ƙarshen shekara zuwa wajen Afrilu, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da ta fi kamari tare da Ondo da Edo. Alamominta kan ɗauki har kwana 21 kafin su bayyana, kuma da farko ba a bambance su da na zazzaɓin cizon sauro. Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba, amma babu mai iya ganewa da ido. Saboda haka kada a share busasshen kashin ɓera da tsintsiya, kada a hura shi da iskar falkanaiza, kada kuma a kunna esi don ya fitar da dattin, domin duk wannan yana tayar da ƙurar ne zuwa hanci. A fito da motar fili, a buɗe ƙofofi da bonet iska ta ratsa na wajen rabin sa'a, a cire kan batir, a sa safar hannu ta roba da takunkumi. A haɗa bilic ma'auni ɗaya da ruwa ma'auni tara, a jiƙa kashin da makwancin a bar su minti biyar, sannan a kwashe da takarda ko tsumma a ƙulle a leda biyu. Bilic yana ɓata kalar kujera kuma yana cin ƙarfe, don haka a kan yadi a yi amfani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da sabulu, a kan ƙarfe kuma a goge da ruwa bayan an gama. Matatar esi da ta inji, idan an taɓa su, a jefar a sayi sabbi. Yaron bakanike da ake turawa ya kwashe dattin da hannu shi ma ɗan wani ne, a saya masa safar.

Kafin a tayar da motar a duba sosai kusa da bututun hayaƙi, domin busasshiyar ciyawa da takarda a jikin ƙarfe mai zafi suna kamawa da wuta, haka ma wayoyi biyu da aka feƙe idan suka haɗu. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka yi umarni da kashe fitila kafin barci saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. A sunkuya a duba ƙasa ko akwai ɗigar mai ko ruwa, a taka birki a ji ƙarfinsa kafin a hau titi. Masu motoci masu haɗin batir da fetur su sani cewa wayoyi masu launin ruwan lemo na babbar wuta ne, ba a taɓa su sai wanda ya koyi aikin. Inshorar naira 15,000 da yawancinmu ke biya tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai take ɗauka, ba ta biyan wayar da ɓera ya ci. Mai cikakkiyar inshora ya tambayi kamfaninsa ko yarjejeniyarsu ta haɗa da wannan.

A wurin gyara kuma a tsaya a ga an haɗa wayar da dalma an rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi, domin wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif takan saki bayan 'yan watanni, ta bar ka da matsalar da ke zuwa tana tafiya, wadda ta fi ta farko wahalar ganowa. Idan ɓarnar ta yi yawa, gara a nemi cikakken wayarin na irin motar a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja a sauya. Bayan gyara a wanke wurin inji da sabulu, ana kiyaye burenbos da akwatin fiyus daga ruwa, saboda ɓera yana bin sawun fitsarin ɗan'uwansa, kuma motar da aka gyara aka mayar wurinta na da ba tare da an kama mai laifin ba takan koma gareji cikin mako guda. A bar tarkuna a ɗane na mako biyu bayan kamun ƙarshe, sannan a riƙa barbaɗa toka ko garin rogo a kewayen tayoyi da dare a duba da safe. Idan an ga sawu, a ƙara yawan tarko a daidai gefen da sawun ya fito.